Ranar da Babu Wanda Ya Kai Zabuwa Kotu

Litinin, 6 ga Oktoba

Mun je kotun yara, mun dawo.

Zabuwa, 'yata, mai shekara goma sha biyar, ta fasa wa wata 'yar ajinsu waya, ta kuma karya mata haƙorin gaba. Iyayen yarinyar suka kai ƙara, makaranta ta dakatar da ita sai an gama shari'a. Na tambaye ta dalili har bakina ya gaji. "Zagina ta yi." Ba ta taɓa wuce nan ba. Tun tana rarrafe na laƙaba mata Zabuwa don ba ta kamuwa, kana miƙa hannu za ta zille. Har yau haka take, sai dai yanzu da shiru take gudu.

Barandar kotun doguwa ce, benci biyu da wata fanka mai kukan tsufa. Uwarta, da yake ungozoma ce, ta wuto kai tsaye daga ɗakin haihuwa, ko fararen kayan aikin ba ta sauya ba. Shekara huɗu da rabuwarmu. Yarinya tana wurinta tsakiyar mako, Juma'a ta zo wurina, Lahadi ta koma. Ba ma magana. In akwai saƙo, Zabuwa ce wayarmu.

Magatakarda ya leƙo ya ce wa zai tsaya wa yarinya beli. Na ce ni. Ta ce, "Mutumin da ko ajin da take bai sani ba?" Na ce a hannun wa ta koyi dukan mutane? Daga nan ban san abin da na riƙa faɗa ba, sai da wani ɗan sanda ya fito ya ce mai shari'a tana jin mu daga ciki. A ƙarshe dukanmu biyu muka sa hannu, kowa don kada ɗaya ya rigaye shi.

Mai shari'ar mace ce, ba ta ɗaga murya. Ta ɗage zama zuwa Talata, ashirin da ɗaya ga wata, da safe. Ta ce, "Rashin zuwa laifi ne mai zaman kansa. In ba ta zo ba zan soke belin, in sa a kamo ta, ku kuma da kuka tsaya mata za ku amsa naku." Na gyaɗa kai. In zan faɗi gaskiya, hankalina yana kan amsar da ban samu na mayar wa uwarta ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Firiji uku a shago, duk gas ya tsiyaye. Bayana ya riƙe. Mai walda, maƙwabcin shagona, ya ji ina faɗa da wani kwastoma, ya ce, "Kai kullum kana sanyaya firijin mutane, kanka kuma tanda." Na yi dariya don kada ya ƙara.

Asabar, 11 ga Oktoba

Zabuwa tana nan. Ta share ɗaki, ta wanke min riguna, ta jera min sukudirebobi daga babba zuwa ƙarami, abin da ban roƙa ba. Magana kuwa sai ka ja ta da ƙugiya.

Yaya ta zo da rana. Ta zauna bakin katifa tana fifita, ta ji labarin barandar kotu (wa ya gaya mata? ba ni ba), ta ce, "Kai da matar nan kun saki aure amma ba ku saki faɗa ba." Na ce Yaya ba ki san halinta ba ne. Ta ce, "Naka na sani, ni na goya ka."

Talata, 14 ga Oktoba

Babu komai. Aiki, wanka, barci.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na ce wa Zabuwa jibi tun da sassafe zan zo in ɗauke ta. Tana ɗaure jakarta, ba ta juyo ba, ta ce, "Abba, Umma ta ɗauki hutu, ita za ta kai ni. Ta ce ba sai ka zo ba."

Ba sai na zo ba. Kamar wani baƙo.

Na so in ce ta gaya mata ba ita kaɗai ta haife ta ba, sai na haɗiye. Kuma, tsakanina da wannan takarda, wani sauƙi na ji. Akwai ɗakin sanyi na masu kifi da ya lalace, Talata suka ce in zo, ga shi ba na marmarin sake zama benci ɗaya da matar nan. Ta je ta yi uwa a gaban mai shari'a, ta ji daɗi.

Talata, 21 ga Oktoba

Yini guda a ɗakin sanyi, ƙarni har cikin hancina. Kwamfuresa ce ta ƙone, injin da ke kawo sanyin. Wajen la'asar na tura wa Zabuwa saƙo, yaya aka yi? Ta amsa, "An ɗage." Na ce to alhamdu lillahi. Ban tambayi zuwa yaushe ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Bari in rubuta abin da ya faru.

Ina durƙushe bayan wani firiji sai na ga takalma biyu sun tsaya a kaina. Masinjan kotu ne da ɗan sanda. Mai walda ya kashe injinsa, layin ya yi tsit, kowa ya sami abin kallo. Suka tambayi yarinya. Na ce tana wurin uwarta, lafiya? Masinjan ya miƙo min sammaci, ya ce akwai kuma takardar kamu a kanta.

Na ce ai an ɗage. Ya ce, "Ba a ɗage komai ba, malam. An yi ta kiran sunanta, babu ita, babu uwa, babu uba."

Na goge lambar uwarta tuntuni, amma yatsuna ba su goge ba. Tana ɗauka na ce ke wace irin uwa ce? Ta ce, "Malam, kai za ka tambaye ni? Kai da ka aiko cewa kada in kuskura in zo, kai za ka kai ta?"

Na ce ni?

Ta ce, "Da bakinta ta gaya min. Da safe ta yi wanka ta fita, ta ce kana jiranta a bakin titi."

Ina jin numfashinta, ina jin wani jariri yana tsala kuka a bayanta. Rabon da mu yi shiru tare na manta. Sai ta ce, "Innalillahi," ta kashe.

Ɗan sandan bai da mugunta. Ya ce mu kawo ta da kanmu gobe da safe, ya fi a zo da mota a ɗauke ta gaban jama'a. Bayan sun tafi Mai walda bai yi tsokana ba, ya kawo min ruwa a kofi ya ajiye ya koma. Wannan ya fi tsokanar ciwo.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Sun tsare ta.

Lauyan da kotu ta ba mu wani siriri ne mai yawan tari, ɗauke da fayil kamar mai talla. A baranda ya tsayar da mu ya yi bayani a gurguje. Maganar haƙori, in ji shi, ƙarama ce, da sulhu za a iya kashe ta. Rashin zuwan ne ya ɓata komai, don kotu tana ganinsa raini. Yarinya za a iya soke belinta a kai ta gidan tsare yara, kuma abin zai shiga fayil ɗinta. Mu da muka tsaya mata, tara ce ko ɗauri, ko duka biyun. Na ce ɗauri? A kan zama ɗaya? Ya ce, "A kan zama ɗaya." Sannan ya roƙe mu, har da haɗa hannu, "Don Allah in mun shiga ku bar ni in yi magana. Tunda kun kawo ta da kanku, ina sa ran za a bar ta ta koma gida."

Ba mu bar shi ba.

Mai shari'a ta tambayi Zabuwa me ya hana ta zuwa. Ta sunkuyar da kai. Ta sake tambaya. Shiru. Ni kuma shirun ya yi min nauyi, na miƙe na ce ranki ya daɗe, ranar Talata a gidan uwarta ta kwana. Uwarta ta miƙe ta ce in ya damu da ita me ya hana shi bugo waya? Na ce ke me ya hana ki? Lauya yana jan gefen rigata, ina fizgewa.

Mai shari'ar ta bar mu sai da muka ƙare don kanmu. Ta cire tabarau ta ce, "Ku na ji ku. Ita ce ban ji ba. Kuma ban ga gidan da zan mayar da ita in tabbata za a kawo min ita ba." Ta soke belin. Gidan tsare yara har Litinin, uku ga watan gobe. Ranar ne kuma mu ma za mu faɗi dalilin da ba za a hukunta mu ba.

Wata ma'aikaciya ta zo ta kama gwiwar hannun Zabuwa a hankali, ta ce ta cire 'yan kunne. Na miƙa hannu, uwarta ta miƙa hannu. Ta ajiye su a kan benci.

Lauyan ya tattara fayil ɗinsa ya shiga wata shari'ar.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na sayo burodi irin wanda take so kafin na tuna.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ranar ziyara. Gidan yana can bayan gari, mota biyu ake hawa, sannan a taka. Katanga doguwa, ƙofar ƙarfe shuɗiya. An karɓi wayata da bel ɗina. Kayan da na kai mata an zazzage su a kan tebur, aka dawo min da rabi: ba a shiga da abu mai igiya, ba a shiga da madubi, ba a shiga da allurar ɗankwali.

Na tarar da uwarta a ɗakin jira. Ta zauna can, na zauna nan. Akwai wani firiji a kusurwa da fankarsa ke gogar ƙarfe, na yi ta sauraronsa don kada in saurari kaina.

Ma'aikaciya ta dawo ta ce yarinya ta ce ba za ta fito ba. Uwarta ta ce a gaya mata Ummanta ce. Ma'aikaciyar ta ce, "Na gaya mata ku biyu ne. Shi ne ta ce a'a."

A hanyar dawowa mota ɗaya muka hau, babu wata. Tana gaba, ina baya. Na ga kafaɗunta suna motsi. Na kalli taga.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na ɗaura wa wani mutum wayar wuta a baibai, firijinsa ya yi tartsatsi. Tun ina koyon aiki rabona da irin wannan. Na rufe shago da wuri.

Yaya ta ce in dawo wurinta da cin abinci kafin a gama. Na ce a'a. Ta aiko duk da haka.

Talata, 28 ga Oktoba

Jami'ar kula da yara ta zo ganin inda nake zaune, kotu ce ta aiko ta. Dattijuwa ce mai takalmin roba, ta saba shiga gidajen mutane. Ta leƙa ɗaki, ta leƙa makewayi, ta tambayi inda yarinya take kwana, na nuna mata labulen da na raba ɗakin da shi. Ta tambayi sunan babbar ƙawarta. Ban sani ba. Ta tambayi wane darasi ta fi so. Na ce lissafi, a ka. Ta rubuta.

Sai ta ce, "Ka san abin da ke cikin wayar da ta fasa?" Na ce zagi ne, in ji Zabuwa. Ta ce, "Zauna."

Bidiyo ne. Ƙofar makarantarsu, ranar da aka kira iyaye a farkon zango. Wani mutum cikin riga mai baƙin mai yana nuna wata mata da yatsa, jijiyar wuyansa ta tashi, yawu yana fita. Matar tana tafa hannu a fuskarsa. An ɗora wani sauti na ban dariya a kai, an rubuta sunan 'yata a ƙasa. A bayansu ga ta nan tsaye, ta rungume jaka a ƙirji tana kallon ƙasa. Sai da na ɗan jima kafin na yarda rigata ce, matar kuma uwarta ce.

Jami'ar ta ce ya zaga ajinsu, ya zaga makarantar, har wasu makarantu. Yara suna kwaikwayon muryata in Zabuwa ta wuce. Ta yi makonni tana haɗiyewa kafin ranar da ta ɗaga hannu.

Na ce me ya sa ba ta faɗa min ba? Ta ce, "Da ka yi me?"

Da na je makarantar na yi faɗa. Ban faɗa mata ba, amma ta sani.

Ta ce ta nuna wa uwarta jiya. Ban tambayi abin da ta ce ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Ziyara ta biyu. Uwarta tana aiki, ni kaɗai. Ta fito.

Sun sa mata wata riga ruwan toka da ta yi mata yawa, an yanke mata farce har ƙasa. Ta zauna ta ɗora hannu biyu kan tebur, haka aka koya musu. Na ce kina cin abinci? Ta ce eh. Sauro? Ta ce akwai. Na ce na ga bidiyon. Ta rufe ido.

Na yi niyyar in yi dogon bayani, duk ya gudu. Na ce mata kawai, ina kika je ranar Talata?

"Kotu na je, Abba."

Na ce kotu?

Ta ce ta yi tunanin in ta je ita kaɗai za a yi a gama, babu wanda zai yi ihu. Ta hau mota ta je da wuri. A bakin ƙofa mai gadi ya ce ina babban da ya rako ki, yara ba sa shiga su kaɗai. Ta ce yana zuwa. Ta tsallaka titi ta zauna a rumfar jiran mota. Ta ciro waya za ta kira ni, ta tuna zan tambayi ina uwarta. Za ta kira uwarta, ta tuna za ta tambayi ina nake. Tana nan zaune har ta ga mutane suna fitowa, aka ja ƙofa.

"Na ɗauka za su sa wata rana ne kawai. Kamar jarrabawa in mutum bai da lafiya."

Na ce to a gaban mai shari'a fa, me ya sa ba ki faɗi haka ba? Ta ce, "Ina shirin faɗa ka miƙe."

Lokaci ya cika. Da za ta tashi ta ce in kawo mata man shafawa marar ƙamshi, 'yan ɗakinsu suna ƙwace mai ƙamshi. Abin da ta roƙa ke nan.

Na zauna a gefen hanya na bar motoci suna wucewa. Ba kuka na yi ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Na kai wa lauya labarin, ya ce zai taimaka in akwai shaida. Muka je wurin mai gadin. Ya kalli hotonta ya ce shi yara nawa yake gani a rana, ba zai rantse a kan abin da bai tuna ba. Ban ga laifinsa ba.

Lauya ya ce to sai dai ta faɗa da bakinta, mu kuma mu rufe namu. Ya ce, "In kana jin magana tana taso maka, ka ciji harshe. Da gaske nake."

Asabar, 1 ga Nuwamba

Uwarta ta zo shago. Ba ta taɓa taka nan ba tun da muka rabu. Mai walda ya ga haka ya tuna yana da saƙo a kasuwa.

Ba ta zauna ba. Ta rame, ko kuwa na daɗe ban kalle ta sosai ba ne. Ta ce in aka rubuta mata laifi a kotu, asibiti za su ji, kuma ungozoma mai tabon shari'ar yara ba a barinta ta taɓa jariri. Ta ce, "Ba roƙonka na zo yi ba. Na zo ne ka sani, don in ka tashi jifana ranar Litinin ka san abin da kake jifa."

Amsoshi sun zo min har baki, masu kyau kuwa. Na ce mata na ji.

Ta tsaya kamar tana jiran sauran. Da ta ga babu, ta ajiye 'yan kunnen Zabuwa a kan teburin aikina, ta ce ita ba ta iya ganinsu a ɗaki. Ashe ita ta ɗauka.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na wanke riga, na goge. Na gaya wa Mai walda inda mabuɗin shago yake, da firijin wa da wa aka gama, ko da ban dawo gobe ba. Ya ce, "In sun ɗaure ka ma gyara za su sa ka, gidan yari ma akwai firiji." Allah Ya shirye shi.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ta dawo gida. Gidan uwarta, amma gida.

Da aka shigo da ita ba ta kalli kowa ba. Mai shari'a ta ce ta matso kusa, ta yi magana a hankali, babu mai katse ta. A nan ta kalle ni ta saman tabarau. Zabuwa ta faɗi duk abin da ta faɗa min, da mai gadi, da rumfa, da wayar da ta kasa bugawa. Ta kai har ƙarshe. Na ciji harshe har na ji gishiri.

Da aka zo kanmu, na ce ranki ya daɗe, yarinya daga hannuna ta fita ranar Lahadi, ni ta fara gaya wa. Ni nake da shagon kaina, babu mai hana ni fita. Waya ɗaya ce ta gagare ni, kuma ba mantawa na yi ba, girman kai ne. Ban ƙara ba. Uwarta ta ce ita ma waya tana hannunta. Ita ma ba ta ƙara ba. Lauya ya yi tari, ina jin na murna ne.

Mai shari'ar ba ta yaba wa kowa ba. Ta ce hannun da muka sa alkawari ne ga kotu, ba gasa ba ce tsakaninmu, kuma mun karya. Ta ci mu tara dukanmu. Ni ta ƙara min ɗaurin wata guda na jingine, in aka sake saɓa zama sai na yi shi. Ita kuma uwarta, mai shari'ar ta ce ba za a rubuta mata laifi ba muddin aka cika sharuɗɗa har wata shida. Zabuwa kuwa, rashin zuwan ya shiga fayil ɗinta, sai ta kai shekarun girma za a duba share shi. Ba fita bayan magariba. Duk Laraba ta bayyana a ofishin jami'ar kula da yara, mu biyu muna tare da ita. Maganar haƙori an tura sulhu.

Daga ƙarshe ta ce, "Daga yau an haramta aiken yarinyar nan tsakaninku. Mai magana ya faɗa da bakinsa."

A waje na rasa abin yi da hannuwana. Na ba Zabuwa 'yan kunnenta. Ta saka ɗaya, ɗayan ya ƙi shiga, hujin ya fara toshewa.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Ofishin jami'a, karo na farko. Mun je, mun sa hannu, mun fito. Babu wanda ya mutu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Tana wurina. Da safe na ga ta ninke bargo ya yi kusurwa huɗu cif, ta tsaya a gefen katifa. Na ce me kike jira? Ta ce babu komai. Can kuma ta ce, "Abba, in shiga makewayi?" A ɗakin ubanta. Na ce mata nan ba a tambaya. Ta ce ta sani, bakinta ne ya saba.

Abinci kuma da sauri take ci, hannu ɗaya ya kare kwanon.

Yaya ta ce zai wuce. Jami'a ta ce zai wuce amma ba da wuri ba. Ni dai na san kwanakin nan ba mai shari'a ce ta ɗaure ta ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba

An yi zaman sulhu. Uban yarinyar mutumin kirki ne, bai san da bidiyon ba sai a wurin, kunya ta kama shi. Za mu ɗauki gyaran haƙori, su kuma za su janye ƙarar. Yaran biyu ba su kalli juna ba. Makaranta ta ce ta koma mako mai zuwa. Zabuwa ta ce ba ta son komawa can. Wannan kuma wata maganar ce, sai mun zauna da uwarta. Ji ni, wai zama da uwarta. To.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Uwarta ta makara. Ita ta ce in biya in ɗauko yarinya, za ta same mu a ofishin daga asibiti. Muka zauna a benci, aka kira na gabanmu, aka kira na bayanmu. Jami'a ta leƙo ta koma. Ga zafi, ga kwastoma yana ta bugo min waya a kan firijinsa.

Na duba agogo. Na lura Zabuwa ta ga na duba. Kafaɗunta suka ɗaga har kusa da kunne, ta ƙura wa takalminta ido, ta daina ko motsi.

Na ce wataƙila wata ce haihuwa ta zo mata da gardama, ba a barin irin wannan a taho.

Ta juyo ta kalle ni, ta daɗe. Sannan ta ce, "Jiya ma 'yan biyu ta karɓa." Daga nan ta shiga ba ni labari, wai na biyun da ƙafa ya fito, wai uban ya suma a baranda sai da aka yayyafa masa ruwa. Har da dariya. Ban san tana da labari haka ba.

Uwarta ta shigo tana haki, fuska a ɗaure, ta shirya wa faɗa. Na matsa mata a benci na ce sannu da aiki. Ta tsaya da jaka a hannu kamar wadda ta shiga ɗakin da ba shi ba. Sai ta zauna.

Kada Yaya ta ji ta ce wani abu. Ba wani sauyi ba ne. Faɗa ƙarfi yake so, ni kuwa kwanan nan ba ni da shi.

Gobe da safe zan buga wa uwarta waya a kan maganar makaranta.